Ramin da Ofelia Ta Haƙa a Titin Gunduma

Ofelia Treviño ba mace ce mai neman rigima ba, sai dai maƙwabtanta a El Tecolote za su gaya maka cewa in rigimar ta zo har ƙofa, ba ta taɓa aikawa a ce ba ta gida ba. Shekarunta sittin da 'yan kai. Ta yi ƙuruciyarta tana cirar albasa da kankana a gonakin kudancin Texas, daga baya ta samu aikin girki a makarantar firamare, ta ciyar da rabin yaran gundumar Retama kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Ita da mijinta Baldemar sun sayi filinsu tun unguwar tana gonar dawa. Mai gonar ya yayyanka ta ya sayar wa talakawa, babu titi, babu kwata, sai alkawari. Da hannunsu suka tayar da gidan, ɗaki bayan ɗaki, duk shekarar da aka samu sarari a ƙara ɗaya.

Unguwar a kwari take, kowa ya san haka. Amma da can ruwa yana da hanyarsa. Akwai wani tsohon kwalbati a ƙarƙashin titin gunduma, ta nan ruwan sama yake bi ya gangara babbar magudana. Sai aka zo aka gina gidajen masu hali a ƙetaren titin, da katanga da itatuwan dabino da ɗan tafki na ado. Gunduma ta ɗaga titin, ta malala sabuwar kwalta, aka binne bakin kwalbatin don kada ruwan talakawa ya riƙa wucewa ta gaban sabuwar ƙofa. An ce na ɗan lokaci ne.

Guguwar da ta taso daga teku a watan Yuli ba ta ɗauke rufin kowa ba. Ruwa kawai ta zubar, ta wuce abinta. Da rana ta fito, gidajen ƙetaren titi sun bushe, ciyawarsu ma ta ƙara kyau. El Tecolote kuwa ta zama tafki. Ruwan ya kai gwiwa a tsakar gida, ya shiga ramukan masai ya fito da abin da ke ciki, ya kashe kajin Socorro, aminiyar Ofelia, sannan ya samu wuri ya zauna. Ya yi kore, ya koma baƙi. Sauro ya yi yawa har karnuka suka daina kwana a waje. Motar shara ta daina shigowa. Motar asibitin da ke ɗaukar Baldemar zuwa wankin ƙoda ita ma ta tsaya a bakin kwalta, direban ya ce iyakarsa ke nan.

Maƙwabcinsu Chebo Longoria yana da wata tsohuwar katafila, mai cokali a gaba da dogon hannu a baya, da ita yake haƙa wa mutane ramuka. Shi ya kawo dabara. Ya ɗaure kujerar roba a cikin cokalin, ya matso da shi har bakin baranda.

"Don Balde, bisimilla, ga motar gwamna ta iso."

"Ka tuƙa a hankali, ɗan banza," in ji Baldemar yana gyara hula. "In ka zubar da ni a ruwan nan, sai fatalwata ta hana ka barci."

"Fatalwarka ma sai ta nemi takalmin roba."

Haka aka ɗaga shi sama yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai yawon neman ƙuri'a, mata a baranda suna dariya suna yi masa tafi. Ofelia tana biye da su cikin ruwa, jakarsa a ka. Ita ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan ƙafarsa ta hagu. Baldemar yana da ciwon suga, akwai wani ɗan miki a yatsarsa da ya ƙi warkewa tun bazara, kuma duk ledar da ta ɗaura masa, bandejin ya jiƙe.

Ranar Talata majalisar gunduma take zama. Ofelia ta bi gida-gida tana neman 'yan rakiya, ta samu Socorro kaɗai. Ba ta ga laifin sauran ba. Da yawa a El Tecolote ba su da takardun zama, ba sa kusantar duk ginin da ke da tuta a sama da ɗan sanda a ƙofa. Ita kuwa a bayan motar ɗaukar auduga aka haife ta, amma a wannan gefen kogin da ke kan iyakar ƙasa, kuma wannan ya wadatar ta zama 'yar ƙasa.

Suka shiga zauren da takalman robarsu. Sanyin na'ura ya doke su har Socorro ta yi atishawa. Kwamishinoni suna zaune a jere a kan dandamali, na uku daga hagu shi ne na yankinsu, Rogelio Saldaña, wanda duk lokacin zaɓe sai ya zo El Tecolote da farar hula, ya ci tamale, alalarsu ta masara, a tsaye, ya kira kowace tsohuwa mamá. Aka karrama 'yan matan da suka ciwo kofin ƙwallo, aka yi hotuna. Aka daɗe ana muhawara a kan launin sababbin motocin 'yan sanda. Sai can aka ce jama'a su yi magana, kowa da ɗan lokacinsa, in jar fitila ta kama ka sauka.

Ofelia ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba. Ta faɗi ruwan, da warin, da yaran da ƙuraje suka feso wa, da mijinta a cokalin katafila.

Saldaña ya dafa ƙirji, ya kira ta da laƙabin girmamawa. "Doña Ofelia, Allah ya sani raina yana tare da ku. Amma titunan cikin unguwarku ba na gunduma ba ne. Wanda ya sayar muku bai taɓa miƙa su ba. Doka ba ta ba ni damar shigar da injin gwamnati wurin da ba nata ba."

"Ban ce ka shigo unguwarmu ba, Rogelio. Titinka ne ya toshe mu. Ka buɗe abin da ka toshe."

"Injiniyoyinmu suna nazari a kai."

"To ka turo su su yi nazarin a tsakar gidana. Zan ba su kujera, in ba ta yi iyo ta tafi ba."

Wasu a baya suka tuntsire da dariya. Jar fitila ta kama, shugaban majalisa ya ce an gode, aka kashe lasifika. Sun manta cewa macen da ta yi rabin rayuwarta tana tsawatar wa ɗakin cin abinci cike da yara ba ta buƙatar lasifika.

"Ranar zaɓe ka san hanyar gidana, Rogelio! Ranar nan ba ka ce titin ba na gunduma ba ne!"

Mai gadi ya zo ya kama gwiwar hannunta cikin ladabi, ya raka su waje. A bakin ƙofa Ofelia ta waiwaya ta ga sawun taɓo baƙi a kan shimfiɗar zauren, tun daga ƙofa har gaban dandamali. Kunya ta ɗan kama ta, don ita mace ce mai tsafta.

"Bar musu, comadre, ƙawata," in ji Socorro. "Su yi nazarinsa."

Kafin ƙarshen satin zazzaɓi ya rufe Baldemar, ƙafar ta kumbura ta yi duhu. A asibiti likita ya duba sau ɗaya, ya ce a shirya ɗakin tiyata. Suka cire masa yatsu biyu, suka ce a yi addu'a abin ya tsaya a nan.

Da ya farfaɗo ya same ta zaune a gefen gado, hannuwanta a cinya, ba ta kuka. Shekara arba'in yana karanta fuskar nan.

"Vieja," ya ce, wato tsohuwa, don haka yake kiranta tun tana budurwa, "kada ki yi."

"Kada in yi me?"

"Ban sani ba. Amma ko mene ne, kada ki yi."

"Sha ruwanka."

"Yatsu biyu ne fa. Dama ba rawa nake da su ba."

"Yau naka ne. Gobe jaririn maƙwabciyarmu Lupita ne, ko tsohuwa Chonita da ba ta iya sauka daga gado. Jira za mu yi ruwan ya bi mu ɗaya-ɗaya yana zaɓa?"

Baldemar ya kurɓi ruwan. "To in kin ƙi ji, ki sa rigar kirki. Kada a nuno ki a talabijin da wannan ta girkin."

Ranar Asabar ta sami Chebo a ƙarƙashin katafilarsa yana ɗaure wani ƙarfe. Ta gaya masa abin da take so: a yanka titin gunduma daidai inda tsohon kwalbatin yake, ruwa ya samu hanya. Kowa a unguwar ya san wurin, nan yara suke kamun kwaɗi a da. Chebo ya fito yana goge hannu, ya ce shi ma ya yi ta tunanin haka. In dare ya raba, kafin wani ya farga ya gama.

"Da dare ɓarayi suke aiki," in ji Ofelia. "Kuma wani ya taho da gudu ya faɗa ramin, mu ɗauki alhakin rai? Gobe za a yi, bayan an fito coci, rana tsaka."

"Doña, katin zama gare ni, ba ɗan ƙasa ba ne ni. In suka kama ni a kan titin gwamnati, korata za su yi, sai dai 'ya'yana su riƙa ganina ta waya daga Reynosa, can ƙetaren iyaka."

"Wa ya ce kai za ka hau? Koya mini za ka yi."

Ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya kalli katafilar. "Ke ko motar mijinki sai kin taka tukunyar fure kafin ki fitar da ita."

"Ai ɓarna za mu yi, Chebo. Ka samu gwana."

Suka wuni a bayan gidansa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Wannan sanda ta ɗaga hannu, wannan ta lanƙwasa shi, wannan ta juya. Ta tumɓuke masa igiyar shanya, ta kusa rushe kejin zomaye, matarsa tana ihu daga taga. Kafin la'asar dai hannun ƙarfen ya fara jin maganarta.

Ranar Lahadi ta fito daga coci da shuɗiyar rigarta ta bukukuwa, ta canja takalmi kawai. Ta tara mutanen unguwa a bakin ruwa ta raba musu aiki. Duk wanda ba shi da takarda ya koma gida ya leƙo ta taga, ba ta son ganin ƙafarsa a kan kwalta. Waɗanda suke 'yan ƙasa, yawancinsu tsofaffi da 'yan mata, su ja motoci su tare titin ta gaba da ta baya, su tsaya da jajayen tsummoki suna juya masu wucewa. Sannan ta ciro waya ta kira ofishin 'yan sandan gunduma da kanta.

"Sunana Ofelia Treviño, daga El Tecolote. Zan yanka titinku yanzu. Ku turo wani ya kula da motoci."

Matar da ta ɗauka ta ce ta maimaita. Ta maimaita, ta kashe.

Hawan katafilar ya fi komai wuya, sai da Socorro ta tura ta ta baya. Ta zauna ta kama sandunan. Tunda take ba ta taɓa ko tsallake jar fitilar kan titi ba. Ta yi alamar gicciye, ta murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama.

Bugun farko haƙoran ƙarfen suka zame a kan kwalta, katafilar ta yi tsalle har haƙoran Ofelia suka haɗu. Chebo yana can bayan shingen gidansa, a cikin filinsa, yana ta ɗaga murya.

"Daga gefe, Doña! Ki kama ta daga gefe, ki ɓanɓaro ta kamar ƙanzo!"

Ta kama ta daga gefe. Kwaltar ta ɗago, ashe ba ta fi kaurin tafin hannu ba, ta karye kamar busasshiyar tortilla, wainarsu ta masara. Daga tagogi aka ɗauki sowa.

Ta yi nisa da haƙa lokacin da motar 'yan sanda ta iso. Wanda ya fito dogo ne, matashi, hularsa a hannu. Noé Villarreal ne, ɗan ƙawarta marigayiya, wanda ita ta riƙe shi a hannu ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa yake kiranta Madrina, wato uwar baftisma. Ya tsaya a gefen ramin yana kallonta kamar zai yi kuka.

"Madrina, don girman Allah ki sauko."

"Ka ci abinci, mijo, ɗana? Ka rame."

"Madrina, wannan dukiyar gwamnati ce. Babban laifi ne. Ki kashe injin, mu yi magana."

"Na je na yi magana, an kashe mini lasifika. Matsa baya, ban iya abin nan sosai ba."

Ya matsa, don hannun ƙarfen ya wuce kusa da hancinsa. Ya waiwaya ya dubi unguwar: baƙin ruwa har ƙofofi, firiji a kife yana yawo, fuskoki a kowace taga. A nan ya girma, gida na biyar a layin. Rediyon kafaɗarsa yana ta kiransa.

"An ce in kama ki."

"To ka kama ni mana. Hawo ka sauko da ni. Sai dai ka sani gwiwata ba ta da kyau, in ka ja ni na faɗi, kai da uwarka a lahira."

Noé ya sa hularsa. Ya ce bari ya fara tabbatar an tare titin yadda ya kamata, don lafiyar jama'a. Ya taka a hankali zuwa motocin gaba, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya wuce zuwa na baya. Ya buɗe bayan motarsa ya fito da alamun tsayar da motoci, ya jera su, bai ji daɗin yadda suka jeru ba, ya sake jerawa.

Ana cikin haka haƙoran ƙarfen suka daki wani abu da ya yi ƙara. Bakin tsohon kwalbatin ne, cike da ƙasa. Ofelia ta yi ta yaƙushinsa, ta ja ƙasar da ta rage tsakanin ramin da ruwan. Da farko ɗan siririn ruwa ne ya silalo, kamar yana jin kunya. Sai gefen ya zabtare gaba ɗaya. Ruwan ya taho da ƙarfi, da wari, da robobi da takalman yara da mushen kaji, ya ratsa titin gunduma, ya bi kwatar gefen hanya, ya wanke gindin dabinon masu hali, ya nufi babbar magudana. Bai shiga gidan kowa ba. Warin dai ya shiga.

Socorro ta durƙusa a kan kwalta tana kuka tana dariya. Ofelia ta kashe injin. Ta juyo za ta sauko. Noé ne ya miƙa hannu ya sauko da ita, kamar yadda ake sauko da uwa daga mota.

"Sai na sa miki ankwa," ya ce da ƙaramar murya.

"Sa mana. Ta gaba, yadda za su gani."

Ba ta daɗe a tsare ba, kafin rana ta faɗi limamin cocinsu ya zo ya yi belinta. Amma 'yan matan da suka tare titi sun ɗauki komai a waya, kuma kafin tsakiyar sati babu gidan da ba a ga tsohuwa mai shuɗiyar riga a kan katafila ba, daga nan har San Antonio. 'Yan jarida suka zo suka ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a bango. Lauyan gunduma ya shigar da ƙara.

'Yarta Maribel ta taho daga Houston a fusace. Tana cikin wanke bango da ruwan bilic tana faɗa, sai ga Saldaña a ƙofa, da farar hularsa da ledar burodi mai zaƙi. Ofelia ta ba shi kujera a baranda, ta zuba masa kofi, don baƙo baƙo ne.

"Mamá," ya fara.

"Uwarka tana Falfurrias, Rogelio, ka gaishe ta. Ni Ofelia ce."

Ya yi murmushin dole. Ya ce ya zo da alheri. Ya yi magana da lauyan gunduma, za a iya janye ƙarar. Abu ɗaya ake so: ta tsaya a gaban majalisa ta ce ta yi kuskure, damuwar rashin lafiyar mijinta ce ta rikita mata tunani. Shi ke nan, kowa ya huta.

"Wato in ce na haukace."

"Ba haka na ce ba."

"Mamá, ki karɓa," in ji Maribel daga ƙofa, tsumma a hannunta. "Kurkuku fa ake magana. Wa zai kula da Papá? Kalma biyu ce, ki faɗa ki dawo gida."

Ofelia ta juyo ta dubi 'yarta. Maganar ta taɓa ta, don tun ranar Lahadi tunanin da yake cinta ke nan. Ta tuna ɗakin da aka rufe ta, da ƙarar ƙofarsa, kuma ba ta son komawa. Ta dubi cikin falo, inda Baldemar yake kwance da ƙafa a kan matashi, an sallamo shi jiya.

"Kada ki kalle ni," ya ce daga ciki. "Ni na ce kada ki yi, kika yi. Yanzu kuma kada ki zo ki ce ba ke ba ce."

Ta juyo ga baƙon. "Ka ji. Da hankalina na hau, da hankalina na haƙa, ni na kira 'yan sanda. In na ce hauka ce, gobe ku mayar da ƙasa ku binne kwalbatin, ku ce ai mahaukaciya ce ta tone. A kai ni kotu. Ina son a tambaye ni dalili a wurin da babu jar fitila."

"Za ki yi nadama, Doña."

"Wataƙila. Tafi da burodinka, mai gidan yana da suga."

A watan Oktoba aka yi shari'ar. Zauren ya cika, kuma abin da ya fi ba Ofelia mamaki, har da waɗanda ba sa kusantar gini mai tuta. Sun zo sun zauna a layin baya, cikin kayan coci. Noé ya ba da shaida, ya faɗi gaskiya, bai ɗago ido ya dube ta ba. Wata lauya matashiya daga ofishin taimakon marasa hali ta tsaya mata, ta sa aka kira injiniyan gunduma, ya amsa da bakinsa cewa an binne kwalbatin, kuma an san inda ruwan zai taru. Ofelia ta yi magana har ta gaji, babu wanda ya katse ta.

Duk da haka mutanen da aka zaɓo daga cikin jama'a don yanke hukunci suka ce ta yi laifi, don ita da kanta ba ta musa ba. Sun dai sauko da shi zuwa ƙarami. Alƙaliyar, wata mai furfura da tabarau a kan hanci, ta tambaye ta ko tana da abin cewa, ko ta yi nadama.

"Na yi, ranki ya daɗe. Na ɓata lokaci ina zuwa majalisa. Da na hau tun ranar da ruwan ya tsaya, da mijina yana da yatsunsa."

Alƙaliyar ta gyara tabarau. Ta yanke mata aikin gayya na dole: duk Asabar, har ƙarshen hunturu, tsintar shara a gefen titunan gunduma.

Titin kuwa dole a gyara shi, kuma da idon 'yan jarida a kai babu wanda ya yi ƙarfin halin mayar da ƙasa. Aka sa manyan bututu biyu. Saldaña ya zo da almakashi ya yanka ƙyalle, aka ɗauke shi hoto, aka rubuta cewa ya cika alkawari. Da zaɓe ya zo ya sake ci, da ƙyar. Titunan cikin El Tecolote suna nan yadda suke, ba na kowa ba. Baldemar ya koyi tafiya da sanda. Noé ya daɗe bai zo cin abinci ba, sai da ta aika masa cewa in bai zo ba za ta je ofishinsu ta jawo kunnensa a gaban abokan aikinsa.

Asabar ta farko aka ba ta riga mai ruwan lemo da sandar tsinta da baƙar leda, aka zuba su a farar mota su takwas, yawancinsu samari da aka kama da tuƙi cikin maye. Aka sauke su a wani dogon titi tsakanin gonakin rake. Gwiwarta tana ciwo, iska tana kaɗa ledar, amma ta tsinci gefenta tas, har tana yi wa samarin faɗa in sun tsallake gwangwani.

Da aka ba su hutu ta zauna a kan ƙarfen gefen hanya ta buɗe ƙunshin tortilla da wake. Wata mace mai kimanin shekara talatin, siririya, wadda tun safe take satar kallonta, ta matso ta zauna.

"Ke ce ta katafila, ko?"

"Ni ce. Ungo, ci."

Matar ta karɓa. Ta ce sunanta Yesenia, daga wata unguwa can arewacin gundumar. An kama ta ne tana ƙona shara a bayan gida, don motar shara ba ta taɓa zuwa wurinsu ba. Kuma yanzu wani kamfani ya tare musu hanya ɗaya tilo da motar makaranta take bi, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, yara sai sun zagaya ta bakin babban titi.

"Doña," ta rage murya, "abin nan yana da wuyar tuƙawa?"

Ofelia ta tauna lomarta a hankali, tana kallon mai gadinsu da ke can jikin mota yana latsa waya.

"Kin je majalisa?"

"Me za su yi mini?"

"Ba abin da za su yi. Amma ki je ranar Talata, ki sa su ce a'a da bakinsu, a gaban mutane. Ku nawa ne masu takarda a unguwar?"

Yesenia ta fara lissafi da yatsu, tana kiran sunaye. Mai gadi ya busa usur. Ofelia ta dafa kafaɗarta ta miƙe, ta ɗauki sandarta.

"Taho ta gefena," ta ce. "Ki ci gaba da faɗa, ina jin ki."